Inuwar da Kawu Nomau Ya Ba Mu Aro

Rumfata tana bakin tasha a Tawa, wajen da motocin arewa suke lodi. Kayan hanya nake sayarwa: igiya, bargo, rawani, buta, bidon ruwa da aka ɗinke cikin buhu, da tamfol. Duk wanda ya saba da ni ya san ba na ajiye baƙin tamfol. Ana nemansa kuwa, don shi ya fi araha, maƙwabcina ma yana sayar da shi kamar ƙosai. Ni dai in mutum ya matsa sai in nuna masa rumfar maƙwabcin, in yi masa Allah ya kiyaye hanya. Wasu suna cewa taurin kai ne irin na mutanen Adar. Akwai shi, ban musa ba, amma ba shi kaɗai ba ne.

Shekarar da na fara fita bida, wato cin rani, da Kawu Nomau na tafi, wan mahaifiyata, mutumin Takanamat. A hanyar Aljeriya ya yi furfura. Kowace kaka in hatsi ya shiga rumbu sai ya kama hanya, ya dawo kafin shuka. A Cintabaradan muka fara zaman jiran mota, cikin wani gida marar rufi da ake tara matafiya, kuma a nan ya ce in kwance kayana ya gani.

Na kwance ina taƙama. Na sayo wani ɗan tanti shuɗi wurin ƴan bosho, masu kayan gwanjo, irin na Nasara masu yawon buɗe ido, da sandunansa masu lanƙwasa da ƴan turakun ƙarfe sirara. In an naɗe shi bai fi matashin kai ba. Na kuma haɗa da baƙin tamfol, wanda mai shi ya rantse mini ko ruwan tsakiyar damina ba ya ratsa shi.

Kawu ya ɗauki turke ɗaya ya juya shi a hannu.

"Isuhu, da wagga basilla za ka ɗaure iskan hamada?"

Mutanen da ke zaune suka yi dariya. Na ce ai Nasara da shi suke kwana daji.

"Nasara da mota biyu shika tahiya, ɗaya tana ɗauke da ɗaya. Kai hwa?"

Tamfol ɗin kuwa ko taɓa shi bai yi da hannu ba, da ƙafa ya ture shi gefe. Ya ce wa ya gaya mini ruwa za mu tarar a can. Ya ce baƙi rana yake kira, wanda ya shiga ƙarƙashinsa da azahar sai ya dahu kamar dankali. Na ji haushi, don na san abin da na sayar kafin in sayi kayan nan, amma na haɗiye. Ba a gardama da kawu gaban baƙi.

Nasa kayan ba su cika buhu ba: tsohon bargo, buta, wuƙa, bido, da sandar makiyaya. Sai wani ƙulli da yake ɗaurewa a ƙugu da igiyar kaba, ƙarƙashin riga, ko wanka zai yi yana kusa da shi. Na ɗauka laya ce ko guzurin ɓoye. Sai a Tasara, muna zaune gindin wata katanga muna jiran direba ya gama cinikin mai, ya kira ni ya kwance shi.

Farin alawayyo ne, mai tsawo, an ninke shi ƙanana, yana ƙamshin turaren wuta. Likkafaninsa ne. Matarsa, Inna Hajo, ita ta saya masa tun farkon fitarsa. Kowace kaka sai ta wanke shi, ta turara, ta ninke, ta ɗaura masa da hannunta. In zai fita ba ta kuka, ba ta doguwar addu'a. Abin da take faɗa a bakin ƙofa ɗaya ne: "Maigida, ka maido mini kayana." Shi kuma in ya dawo, kafin ya sha ruwa, sai ya kwance ƙullin ya ajiye gabanta. Duk Takanamat an san wannan wasa nasu.

"Yanzu ka gani," in ji shi. "In ta zaka mini bisa hanya, da wanga za ka ruhe ni. Ba ni son bargo, ba ni son buhu. Hannun Hajo na. Ka ji?"

Na ce na ji, ina ƴar dariya, don na ga lafiyarsa lau.

"Ba dariya ba ta. Amana ta."

Na ce na ɗauka. Ya mayar da ƙullin ƙugu, muka tashi don an fara kiran a hau mota.

Tamanraset muka iske da sanyin da ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Baƙi irinmu a gefen wata busasshiyar ƙorama suke kwana, bayan gari, kowa da abin da ya kafa: kwali, leda, tsumma. Na kafa tantina ina jin kaina sarki. Inda ƙasa take da tsakuwa turakun suka lanƙwashe, inda take da rairayi suka ƙi kamawa. Da safe kuma numfashinmu da ya taru a jikin ledar sai ya riƙa ɗigo mana a fuska. Bai yi kwana nawa ba, wata la'asar muna dawowa daga neman aiki, muka hango shi yana birgima cikin iska, har ya je ya sarƙe a wata waya ya yage gida biyu. Kawu ya yi ta dariya har ya zauna ƙasa, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe bai tsaya ba. Ranar na fara lura da tarin nan.

Mun sami aiki a wani shantiye, wato wurin gini, ɗaukar siminti daga mota zuwa bene. Mai aikin mutum ne mai fara'a, kullum yana dafa kafaɗarmu yana cewa gobe. Ranar da ginin ya kai rufi muka zo muka tarar da wasu ma'aikata daban, shi kuma an ce ya yi tafiya. Ba mu da takarda, ba mu da bakin garin, ba inda za mu kai ƙara. Baƙo makaho ne ko da idonsa. Muka nemi wani shantiyen muka ci gaba, ƙurar siminti kuma ta ci gaba da shiga ƙirjin Kawu.

A nan Allah ya haɗa mu da wani tsohon mai gadi, Buzu, wanda ya yi kiwo wajen Abalak yana saurayi, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Da ya ji tarin Kawu sai ya buɗe mana wani ɗaki da ba a gama ba, ya ce mu kwana ciki, mu fita kafin masu gida su zo. Yakan kawo mana shayi da gurasar da suke gasawa cikin toka, ya zauna yana tambayar rijiyoyin ƙasarmu ɗaya bayan ɗaya, ko har yanzu suna da ruwa. Ɗakin ba shi da ƙyaure, sai na rataya baƙin tamfol a ƙofar, ya kuwa tare iska. Na ce wa Kawu ga baƙin nan da ya raina ya yi rana. Ya ce, "Jira bazara."

Abin da ya fi ci mini rai a garin nan shi ne safiyarsa. Gari ya waye ba ka jin turmi ko ɗaya, ba kukan jaki, ba mai tallan hura. Sai ƙarar motoci da harshen da ba naka ba. Nakan tsaya a ƙofa da buta a hannu in ji kamar in ajiye komai in kama hanyar kudu da ƙafa. Kawu ba ya maganar gida. Amma nakan ga hannunsa ya shiga ƙarƙashin riga yana shafa ƙullin nan, kamar mai lallashin ciwo.

Da zafi ya shigo ya fara tofar da jini. Ya rame har igiyar ƙugunsa ta yi masa yawa, sai da ya ƙara mata zagaye. Wata safiya ya ce mu tafi gida, yana son ya ga shuka. Mun san ba shuka yake nufi ba, amma ba wanda ya faɗa.

Motar da muka samu ƙarama ce mai buɗaɗɗen baya, an ɗaure buhunanmu da barguna a gefunanta, mu kuma muna zaune a kan juna. Na ninke tamfol ɗin na zauna a kai don ƙarfen motar yana ƙuna. Cikin fasinjojin akwai Malam Idi, mutumin Tebaram mai koyar da karatun allo, da wata mata ƴar Kalfu mai suna Rakiya, da jaririyarta a goye. Mijinta ne ya sa ta mota, shi ya tsaya ƙarasa aiki.

Bayan mun ƙetare iyaka, da hantsi, direba ya tsaya a wani fili. Ya ce an sanar da shi akwai masu bincike a gaba, mu sauka da ruwanmu kawai, kaya su zauna cikin mota, zai zagaya ya dawo kafin azahar. Muka sauka. Ni na sauko da tamfol don a hannuna yake, Kawu da sandarsa da wuƙarsa a aljihu, Malam Idi ma da tasa. Muka bi ƙurar motar da ido har ta ɓace. Har yau ban sake ganin direban nan ba, kuma ban yafe masa ba.

Wurin ba itace, ba dutse babba, ba tudu. Tsakuwa ce da rairayi har inda ido ya ƙare. Da rana ta yi tsaka ba mota, sauran fasinjojin, matasa masu ƙarfi, suka ce za su bi sawun tayoyi. Kawu ba ya iya tafiya, Rakiya ba ta iyawa da goyo, Malam Idi ya ce shi ba ya barin mara lafiya da mace a fili. Suka tafi, muka rage. Ban taɓa jin labarinsu ba.

Na kafa tamfol a kan sandunan biyu muka shiga. Abin da Kawu ya faɗa a Cintabaradan bai kai rabin gaskiya ba. Ledar ta yi laushi don zafi, tana wari, iskar da ke ƙarƙashinta ta fi ta waje ƙuna. In ka fita rana ta soke ka, in ka shiga ka rasa numfashi. Jaririyar ta yi ta kuka, sannan kukan ya koma ƙugi, sannan ta yi shiru. Shirun nan ne ya tayar da Kawu daga kwance.

"Hid da ita nan ciki. Ku ka da wanga abu."

Ya ɗaga riga ya fara kwance igiyar kaba. Na ce, "Kawu, mi za ka yi?" Bai kula ni ba. Yana kwance yana ba da umarni, mu muna yi. Ya ce kada mu huda ƙyallen: mu sa ƴar tsakuwa a kowace kusurwa, mu tattare ta ciki, mu ɗaure igiya a wuyanta. Ya ce mu warware igiyar mu raba ta sili-sili don ta isa. Ɗaya bakin kuma mu ɗaure shi a dutse mu binne cikin rairayi, don turke ba ya kama a nan. Muka ninka alawayyon biyu, muka saukar da gefen rana ƙasa-ƙasa, muka ɗaga ɗaya gefen a kan sanduna, muka bar ko'ina a buɗe don iska ta ratsa.

Inuwar ba ta da faɗi, sai mun takure. Amma inuwa ce ta gaskiya, tana ƙamshin ɗakin Inna Hajo. Rakiya ta jiƙa bakin gyalenta ta riƙa ɗiga wa ɗiyar a leɓe, can sai muka ji ɗan kuka siriri. Ban taɓa jin daɗin kukan yaro kamar ranar ba.

Kawu ya kwanta yana kallon farin da ke bisa kansa.

"Aro na nib ba ku," ya ce. "In ta zaka, ku maido mini kayana."

Malam Idi ya ce Allah ya sa da ƙafarsa zai kai shi gida. Kawu ya dube ni, ni kaɗai, har sai da na ɗaga masa kai.

Ban riƙe lissafin kwanakin ba. Aikinmu dai shi ne bin rana: in ta juya mu tone duwatsun mu sake binne su wani gefe, mu ja jiki mu bi inuwar. Ruwa muna sha da murfin bido. Kawu ya fara tura nasa wajen Rakiya, yana cewa mai shayarwa bakin mutum biyu gare ta. Na yi masa faɗa, ya ce in bar shi, shi ya san abin da ya rage masa.

Wani hantsi Kawu ya cika, rana ta fara zafi. Ba wata magana ta ƙarshe. Yana tari, sai ya daina.

Malam Idi ya rufe masa ido, ya yi masa taimama don ba ruwan wanka. Da ya gama sai ya zauna ya dubi sama, ya dubi jaririyar, ya dube ni.

"Abin da nis sani, in babu, ana ruhe mamaci da abin da anka samu. Amma ba za ni ce maka babu ba, ga shi bisa kanmu. Kai ad danginai. Kai za ka hwaɗi."

Rakiya ta rungume ɗiyarta ta fara jan jiki tana fita daga inuwar. Ta ce, "Ku ba bawan Allah kayanai. Ya yi muna abin da uba ka yi. Mu Allah na nan." Da ta yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Na tashi na tone dutsen kusurwa ɗaya, na kwance igiyar. Ƙyallen ya faɗo gefe, rana ta sauka a kan jaririyar daga ƙirji zuwa fuska. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ba ta da ƙarfin yi. Na tsaya riƙe da kusurwar a hannu, azahar tana tafe, ba mota, ba alamar kowa. Wallahi a lokacin haushin Kawu na ji. Ya san abin da yake yi da ya ce aro. Ya yi alherinsa ya tafi da ladansa, ya bar ni da zaɓin.

Na mayar da tsakuwar, na ɗaure, na binne dutsen. Na ce wa Rakiya ta koma ciki. Sannan na ɗauki wuƙar Kawu na tsaga bakin alawayyon ta gefe ɗaya, na yago abin da zai naɗe kai da fuska. Shi na naɗa masa da hannuna. Sauran jikinsa kuwa, abin da muke da shi ke nan, muka naɗe shi cikin baƙin tamfol ɗin da ya ture da ƙafa. Ledar tana ƙara duk inda muka juya shi. Har yau in maƙwabcina yana warware wa mai saye irinsa, sai in tashi in shiga bayan rumfa.

Muka yi masa salla mu biyu. Da sanda da hannu muka tona, ramin bai yi zurfi ba, muka tara duwatsu a kai. Muka koma ƙarƙashin likkafaninsa muka zauna, azahar ta wuce ta kanmu.

Da la'asar ɗin ranar, ranar nan dai, wani makiyayi ya ɓullo da raƙumansa yana neman wadda ta ɓace masa. Ya ɗauke mu zuwa zangonsu. Matansu suka shigar da mu tantin fata mai sanyi, suka ba mu nonon raƙumi kaɗan-kaɗan, wata tsohuwa ta karɓi jaririyar ta yi ta shafa mata ruwa. Kowa yana hamdala, ni ina lissafin tsakanin hantsi da la'asar. Rabin wuni ne kawai. Malam Idi ya ce kada in sa wa raina, ba wanda ya san gaibu, kuma azahar ɗin nan ita ce za ta ɗauke ɗiyar. Mai yiwuwa haka ne. Na ninke alawayyon na ɗaura a ƙuguna da sauran igiyar.

Labari ya riga ni isa Takanamat ta waya, amma mutuwar kawai aka faɗa. Na iske Inna Hajo cikin takaba, zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta sa aka kawo mini ruwa. Ban sha ba. Na ɗaga riga na kwance ƙullin na ajiye gabanta.

Ta daɗe tana kallonsa. Duk shekarun nan in ƙullin nan ya sauka gabanta, mai shi yana tsaye a kanta yana murmushi. Sannan ta gane ɗaya abin, na ga lokacin da ta gane.

"Isuhu, da mi kunka ruhe shi?"

Na gaya mata duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ce da tamfol, baƙi.

"Shi da ko zama ba ya yi bisa leda," ta ce a hankali.

Ta warware ƙyallen a kan cinyarta. Ya yi ja da ƙura, kusurwoyinsa sun tattare inda tsakuwa ta zauna. Ta bi su da yatsa.

"Ɗiyar ta rayu?"

"Ta rayu, Inna. Suna Kalfu."

Hannunta ya kai gefen da na yaga, inda zare ya bazu. Ta auna wurin da taƙinta.

"Nan hwa?"

"Huskatai."

Ta ɗaga kai sau ɗaya. Ta fara ninke shi ƙanana, yadda ta saba, tana danne kowane ninki da tafin hannu. Da ta gama sai ta ce, ba ni take kallo ba, "Kullum ni ka ce mishi shi maido mini kayana. Ya ji magana."

Ta miƙo mini ƙullin ta ce in sa mata cikin adaka, ƙasan tufafinta. Na tashi zan shiga ɗakin, ta riƙe bakin rigata.

"In tawa ta zaka, da shi za ku ruhe ni. Kada kowa shi wanke shi. Inda ya rage kuma kada ku cika."